Ina son komawa karatu da yara biyu a hannuna, ta ina kuɗin zai fito?

Maman Hanif

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar makarantun gaba da sakandare a nan Kaduna. Shekaruna 27, aurena ya mutu bara, yara biyu suna hannuna. Babban yana aji biyu na firamare, ƙaramar ba ta cika shekara uku ba. Muna zaune a gidanmu a Rigasa tare da mahaifiyata. Ɗinki nake yi, watan da kasuwa ta buɗe nakan samu kamar dubu 60, in ta kwanta ko 40 ba ya kaiwa. Mahaifin yaran sai ya ga dama yake aiko da wani abu.

Ina da sakamakon NECO, kiredit shida har da Turanci da Lissafi. Koyarwa nake so, ko fannin lafiya in zai yiwu. Na ji ana maganar rancen karatu na gwamnati. Da gaske ne babu ruwa a ciki? Mace mai yara irina za ta iya samu? Kuma nawa ya kamata in tanada kafin in fara, don ba na son in shiga in tsaya a hanya. Allah ya saka da alheri.

Malam Na-Kawo

Wa alaikumus salam Maman Hanif. Allah ya shirya miki yaran, ya cika miki burinki.

Rancen gaskiya ne. Hukumar NELFUND ce ke ba da shi, a ƙarƙashin dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar. Babu kuɗin ruwa. Dokar farko ta 2023 ta nemi a kawo masu tsaya wa mutum, ta kuma sa iyaka a kan abin da iyali ke samu a shekara, amma ta 2024 ta cire waɗannan biyun. Zawarci ko yawan yara ba ya cikin abin da ake hana mutum da shi. Abin da ake dubawa shi ne ke 'yar Najeriya ce, kin samu gurbi a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, kuma karatun cikakken lokaci kike yi. Makarantun kuɗi ba sa ciki.

Kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ba ya biyowa ta hannunki sam, kai tsaye ake tura wa makarantar. Akwai kuma kuɗin ɗawainiya, naira dubu 20 a wata, da ke shiga asusunki na banki. Na biyun zaɓi ne, kina iya neman na makaranta kaɗai. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biyan kashi goma na ribarsa duk wata.

To amma ga inda mutane ke tuntuɓe. Rancen ba ya zuwa kafin gurbi, bayan gurbi yake zuwa. Duk abin da ke gaban rajista daga aljihunki zai fita: fom ɗin JAMB, wanda a 2025 ya kama naira 7,200 ba tare da jarrabawar gwaji ba, 8,700 da ita, sai kuɗin tantancewar makaranta, kuɗin karɓar gurbi, gwajin lafiya, hotuna da buga takardu. Sannan ba za ki iya neman rancen ba sai makarantar ta ɗora bayananki a rumbun hukumar. In ba ta ɗora ba, kina sa lambar JAMB ɗinki shafin zai ce bai san ki ba. Maganin wannan ba a shagon intanet yake ba, a ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na makarantar yake, ki je da ƙafarki da takardar gurbinki.

Kuma sau da yawa makaranta takan rufe rajista kafin kuɗin hukumar ya iso. Wanda ya zauna jira sai a ci shi tarar makara, ko ya rasa shigar da kwasa-kwasansa. Saboda haka shawarata, kuɗin shekarar farko ki haɗa shi da kanki kamar babu rance. In na hukumar ya iso bayan kin biya, makaranta ce za ta maido miki da naki, kuma ba za ta saurare ki ba sai da rasit. Duk abin da kika biya, ki buga rasit ɗinsa kwafi biyu, ki ɗauki hotonsa a waya, ki rubuta lambar RRR, wato lambar biyan da shafin makarantar ke fitarwa, a littafi. Kada ki taɓa tura kuɗin makaranta asusun wani mutum, ko da ya ce ma'aikacin makarantar ne. Ki fitar da lambar biya daga shafin makarantar, ki biya a banki.

Game da farashi, a watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin makarantun jiha. Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, ta sauko daga dubu 150 zuwa 105, Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya daga dubu 100 zuwa 50, Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya daga dubu 75 zuwa 37,500, Kwalejin Koyon Jinya daga dubu 100 zuwa 70. Ki riƙe waɗannan a matsayin ma'auni kawai. Kwasa-kwasan kimiyya da na lafiya sun fi na sauran tsada, sabon ɗalibi yana biyan abin da tsohon ɗalibi ba ya biya, kuma adadin shekarar da za ki shiga a shafin makarantar za ki gan shi.

Abu na ƙarshe, lissafin bashin. A ce kin karɓi dubu 105 na makaranta duk shekara har shekara huɗu, dubu 420 ke nan. In kin haɗa da dubu 20 na wata goma sha biyu, shekara ɗaya ta zama dubu 345, huɗu kuma miliyan ɗaya da dubu 380. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan dubu 72 ne, kashi goma ɗinsa 7,200. Da wannan, na makaranta kaɗai zai ɗauke ki kusan shekara biyar, duka biyun kuma wajen shekara goma sha shida. Ban ce kada ki karɓi na ɗawainiya ba, mai yara biyu tana da hujjar karɓa. Amma ki karɓa da sanin cewa bashi ne, ba kyauta ba, kuma ana sabunta nema duk shekarar karatu.

Anti Malama

Ƙanwata, bayanin Malam ya yi, amma ni ta wani gefen zan zo miki. Abin da ke fitar da mata masu yara daga makaranta ba kasafai kuɗin rajista ba ne. Rajista sau ɗaya ce a shekara, dangi sukan haɗa hannu a biya. Kuɗin mota na kullum da wanda zai riƙe yaro su ne ke cin mutum a hankali har ya ajiye.

Ki yi wannan gwajin kafin ki sayi ko wane fom. Ranar Litinin ki fito daga gida ƙarfe bakwai na safe, ki je har ƙofar makarantar da kike so, ki dawo ƙarfe huɗu lokacin cunkoso, ki rubuta abin da kika kashe da mintin da kika ɓata. Daga Rigasa zuwa KASU a titin Tafawa Balewa ba hawa ɗaya ba ne. A ce misali ya kama 1,200 zuwa da dawowa. Kwana biyar a mako, dubu 24 ke nan a wata, ya riga ya wuce dubu 20 ɗin da ake magana. In aka yi wata takwas ana lakca, dubu 192, ya fi kuɗin makarantar kansa. Ba a sa abincin rana ba, ba a sa data ba, ba a sa buga takardun darasi ba. Sannan duk awar da kike aji, keken ɗinkinki a rufe yake. Wannan asarar ma kuɗin makaranta ce, sai dai ba a rubuta ta a rasit.

Shi ya sa, tunda koyarwa kike so, nake ganin ki duba NTI da kyau. Hedikwatarta a nan take Rigachikun a hanyar Zariya, tun 1976 aka kafa ta don horar da malamai, kuma tana da cibiyoyin karatu a makarantu cikin gari. NCE ɗinta, wato karatun shaidar malanta, shekara huɗu ce maimakon uku, ana ba ki littattafan darasi ki karanta a gida, a haɗu a ƙarshen mako da lokacin hutun makarantu. Litinin zuwa Juma'a kina kan kekenki, Hanif yana dawowa makaranta ya same ki a gida. Illarta ita ce rancen NELFUND na masu cikakken lokaci ne, don haka kuɗin daga hannunki zai fita. Amma kina biya ne daga sana'ar da ba ki rufe ba, kuma ki gama babu bashi a wuyanki. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, da ita za ki yi rajista da TRCN, hukumar da ke rajistar malamai, da ita kuma daga baya za ki iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Da yawa makarantun kuɗi na unguwa sukan ɗauki mai karatun NCE tun kafin ta gama, ko da albashin ba yawa, wani lokaci har su rage mata kuɗin ɗanta.

Gidan Waya ta fi araha a takarda, amma can kusa da Kafanchan take, dole ki tare a can. Zariya ma ba tafiyar kullum ba ce ga mai goyo. In kika sa kuɗin ɗaki da na abinci gida biyu, arahar ta tafi.

Maganar reno kuma, kada ki bar ta a kan "ai Mama tana nan". Ki zauna da ita ku yi magana a fili: waɗanne ranaku, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, wa zai ɗauko Hanif, kuma in ita ba ta da lafiya ko ta tafi biki ko gaisuwa, wa zai karɓa. Ki samu mutum na biyu tun yanzu, ƙanwa ko maƙwabciya amintacciya, ki riƙa yi mata ɗinkin Sallah ko ɗan ihsani duk wata don kada abin ya zama roƙo. Makarantu da yawa suna neman halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a bar ki ki rubuta jarrabawa, kuma gwajin cikin zango yana ɗauke da maki masu yawa. Zazzaɓin yaro na kwana uku a makon gwaji ya isa ya jawo faɗuwa a kwas, faɗuwa biyu ko uku a ajin ƙarshe kuma ƙarin shekara ce da sabon kuɗin rajista.

Maman Hanif

Na gode ƙwarai Malam, na gode Anti. Wallahi ban taɓa lissafa kuɗin mota haka ba. Akwai abu ɗaya da ke damuna. A NECO sunan mahaifina ne, amma lokacin da na yi NIN da BVN sunan tsohon mijina na sa. Zai kawo matsala? Sannan Physics ba ya cikin kiredit ɗina.

Malam Na-Kawo

Zai kawo, kuma shi za ki fara gyarawa kafin komai. JAMB daga NIN take ɗauko sunanki da ranar haihuwarki, ba ke za ki rubuta ba. In NIN ya ce wani suna, NECO ya ce wani, za ki wuce jarrabawa lafiya, sai a wurin tantance takardu a makaranta a tsayar da ke. NELFUND ma tana haɗa NIN da BVN da lambar JAMB ne, in ɗaya ya saɓa sai neman ya maƙale.

Mafi sauƙi shi ne ki maida komai kan sunan da ke jikin NECO, domin gyara sakamakon jarrabawa ya fi wahala nesa ba kusa ba. Ki yi takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen biyu naki ne, ki buga sanarwar canjin suna a jarida, ki riƙe takardar saki in kina da ita, sannan ki nemi gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN. Idan NIN ya fito da sabon sunan sai ki kai banki a gyara BVN. Ki bi wannan jerin, kada ki fara da banki. Ki duba har tsarin sunayen da harafi ɗaya ɗaya, Aisha da Aishatu a wurin kwamfuta mutum biyu ne. Abin yakan ɗauki makonni, rajistar JAMB kuma a farkon shekara ake yi, don haka ki fara tun watanni uku kafin nan.

In lokacin ya zo, za ki tura kalmar NIN da lambobinki goma sha ɗaya zuwa 55019 ko 66019 a ba ki lambar buɗe rajista. Ki yi da layin da ke naki na kanki, wanda wani bai taɓa rajistar JAMB da shi ba, kuma kada ki yar da shi har ki gama makaranta. Imel ɗin ma naki, kalmar sirri a hannunki, ba a hannun yaron shago ba. Ki tabbatar an ɗora sakamakon NECO ɗinki a cibiyar da JAMB ta amince da ita, in ba haka ba ba za a ba ki gurbi ba ko makinki ya kai. In gurbin ya fito ki karɓa a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbi, ki buga takardar JAMB ɗin. Duk gurbin da aka ce an ba ki ta bayan fage, ba a CAPS ba, zai hana ki rance yanzu, ya kuma ba ki wahala lokacin bautar ƙasa.

A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar shi ne 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin ilimi da na fasaha, amma kowace makaranta tana iya ɗaga nata.

Rashin Physics kuwa ya rufe miki ƙofar jinya a yanzu, domin ana neman Turanci, Lissafi, Biology, Chemistry da Physics, a zama ɗaya ko biyu. Kina iya rubuta NECO ko WAEC ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara ki cike. Amma ki sani karatun lafiya ba ya haɗuwa da ɗinki cikin sauƙi. Akwai zuwa asibiti aikin koyo, a jinya har da kwanan dare, akwai kayan sawa, akwai kuɗin shigar da suna a hukumar da ke ba da lasisi da kuɗin jarrabawarta, waɗanda daban suke da kuɗin makaranta. Kwas ɗin ma'aikacin lafiya na matakin farko, CHEW, shekara uku ne, ƙaraminsa JCHEW biyu. Kuma ki yi hattara da ƙananan makarantun lafiya masu zaman kansu da suka cika gari. Kafin ki ba da ko sisi, ki tabbatar hukumar da ke ba da lasisin wannan kwas ɗin ta amince da su. In ba ta amince ba, za ki gama ki riƙe takardar da ba za a ɗauke ki aiki da ita ba.

Baban Zahra

'Yar'uwa, akwai kuɗin da yake haƙƙin yaranki wanda ba ki sa a lissafi ba, kuma shi ne zai sauke miki rabin nauyin. Ciyar da yara, tufafinsu, maganinsu da karatunsu a kan mahaifinsu yake, ko suna hannunki. Ba alfarma ba ce da zai yi in ya ga dama. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ su ne madogara, gwargwadon ƙarfinsa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Na faɗi wannan ne saboda mata da yawa suna yin shiru don tsoron kada a ce a kawo yaran. Neman ciyarwa ba ya zubar da haƙƙin riƙo. Ko aure kika sake, mahaifiyarki ce ke biye da ke a jerin masu riƙo.

Ki fara da sulhu. Waliyyinki ya samu nasa magabatan, ko a zauna gaban mai unguwa ko limami, a yanke adadi na wata da ranar biya, a ware kuɗin makarantar yara da na asibiti daban, a rubuta, shaidu su sa hannu. A riƙa turowa ta banki don ya zama akwai shaida, ba a ba yaro a hannu ba. In sulhu ya ƙi, ki shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci mafi kusa. Ana biyan kuɗin shigar da ƙara a karɓi rasit, a kai masa sammaci, alƙali ya duba samunsa ya yanka. Ki je da lissafi a rubuce: abinci, sabulu, kuɗin makaranta, rasit ɗin magani na watannin baya. Mai zuwa da takarda ta fi mai zuwa da kuka samun abin da ya dace. Ki roƙi a sa biya ta hannun kotu ko ta asusunki, in ya daina ki koma a tilasta hukuncin. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimaka wa marasa ƙarfi ba tare da kuɗin lauya ba.

Kuɗin nan na yara ne, ba na rajistarki ba. Amfaninsa gare ki shi ne abin da kike samu a ɗinki ya samu sararin zuwa karatu.

Ga masu karantawa da mijinsu rasuwa ya yi: in ma'aikaci ne, akwai kuɗin fanshonsa a kamfanin da ke riƙe da asusunsa, akwai kuma inshorar rai da dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki, aƙalla ninki uku na albashin shekara. Ana neman takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Matar tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rabon marayu kuma amana ne.

Hajiya Uwar Adashi

'Yata, ni maganar tara kuɗin zan yi miki, don a nan ake yin kuskure.

Ki raba kuɗinki gida uku kuma kada su haɗu a jaka ɗaya: na cefane, na jarin ɗinki, na makaranta. Na makaranta ki buɗe masa asusu daban, kada ki karɓi katin cire kuɗi a kansa, kada ki haɗa shi da manhajar waya. Kuɗin da sai kin hau mota kin bi layi kafin ki taɓa shi, ba ya tafiya a ankon biki. In ba kya son harkar ruwa, akwai bankunan Jaiz da TAJ.

In kina son dubu 120 a hannu nan da wata goma, dubu 3 ne duk mako. Ko ki shiga adashin mutum goma, zubin dubu 12 a wata. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne ranar ɗauka. Tun ranar da za a fara ki faɗa wa uwar adashi cewa kwasarki ta faɗo wata ɗaya kafin rajista. Kada ki karɓi ɗaukar farko don murna, kuɗin zai zauna wata tara a hannunki, buƙatun gida su cinye shi, ki koma kina zubin abin da babu shi. Kada kuma ki yarda da ta ƙarshe, don a ƙarshen ne masu fashin zubi ke yawa. Ki shiga da waɗanda kika san gidajensu da sana'arsu, a rubuta sunaye da ranaku a littafi. Zubin kuma ki auna shi da watan dubu 40, ba watan dubu 60 ba.

Ɗinki yana da kaka. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren ƙaramar Sallah, sai makonnin kafin babbar Sallah, sai lokacin bukukuwa. Ribar waɗannan lokutan ita ce kuɗin makarantarki, ki cire rabi ki kai asusun tun kafin ki saya wa kowa takalmi. Ki duba kalandar makaranta ki ga ko jarrabawa za ta faɗo cikin azumi. In haka ne, ki rage karɓar ɗinki da wuri, ko ki samu yarinyar da za ta riƙa yi miki aikin hannu, kalmasa da maɓalli da guga, ki biya ta da ɗai-ɗai. Mai karɓar atamfa talatin ga jarrabawa a gaba, ko ta ɓata da masu kaya ko ta faɗi. In makarantar kullum kika shiga, ajinku ma kasuwa ce: hijabi, gyaran kaya, rigar ɗakin gwaji. Ki riƙa karɓar rabin kuɗi kafin ki sa almakashi.

Abubuwa biyu ki guje musu. Bashin manhajar waya, wanda ake ba da kwana bakwai ko sha huɗu da ruwa mai nauyi, in kika makara su bi lambobin da ke wayarki suna aika saƙon ɓatanci. Da kuma sayar da keken ɗinki don biyan rajista. Shekara ɗaya zai biya, sauran shekarun kuma babu abin da zai haifo kuɗi. In ta ƙure, gara ɗan kunne ya tafi.

Tallafin da ba a biya shi ma ki nema, amma kada ki gina lissafi a kansa. Jihar Kaduna tana da hukumar ba da tallafi da rancen karatu, tana da rukunin marasa ƙarfi da na masu hazaƙa, ana nema ta intanet in sun buɗe. Ki tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma, katin zama a jiha, takardar gurbi da katin ɗalibi, duka a ɗauke a waya. Na hukumar tallafin karatu ta tarayya sai an gama shekarar farko da sakamako mai ƙarfi ake nema, don haka makin ajin farko kuɗi ne. Duk wanda ya ce ki ba shi wani abu ya sa sunanki a tallafi, ɓarawo ne. Kuma kada kunya ta hana ki kai takardar gurbinki da lambar biya wurin kawu ko attajirin unguwa lokacin fitar da zakka. Mutane sun fi sakin hannu in suka ga takarda da adadi, suka san banki za su biya kai tsaye.

Anti Malama

Ƙari ɗaya a kan na Hajiya. Ko wace makaranta kika shiga, shekarar ƙarshe da zangon koyon koyarwa sun fi sauran cin kuɗi: zuwa makarantar da aka tura ki kullum har tsawon zango, kayan koyarwa, bugawa da ɗaure kundin bincike, kuɗin wanke kai kafin a ba da sakamako. Ki roƙi a tura ki makarantar da ke kusa da gida, ana yarda in an nema da wuri.

In kuma wata shekara abin ya gagara gaba ɗaya, kada ki ɓace kawai. Ki rubuta takardar neman ɗage karatu ta hannun shugaban sashenku kafin a rufe rajista, ki karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Wadda ta ɗage da izini gurbinta yana nan. Wadda ta daina zuwa ba takarda, za a rubuta mata faɗuwa a duk kwasa-kwasan, daga nan a cire sunanta.

Maman Hanif

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya rufa muku asiri. Gobe in Allah ya kai mu zan je kotu in yi takardar rantsuwar, kuma na yi wa kawuna magana zai samu mutanen gidan su Hanif ranar Juma'a bayan masallaci. Ranar Asabar zan leƙa Rigachikun in tambayi kuɗin NCE na bana da cibiyar da ta fi kusa da Rigasa, Litinin kuma in gwada hanyar KASU kamar yadda Anti ta ce, sai in kawo lissafin biyun nan ku duba min. Hajiya, adashin da nake ciki yanzu na mako ne, dubu 2, saura zagaye huɗu ya ƙare. In sake shiga a ƙara zubin, ko in bar shi in koma asusun banki?

Hajiya Uwar Adashi

Ki gama wannan zagayen lafiya, kada ki fita a tsakiya. In za a sake, ki tsaya a dubu 2 ɗin tunda kin saba da shi bai taɓa gagararki ba, ki nemi kwasar da ta dace da watan rajista. Dubu ɗayan da za ki ƙara, shi ki riƙa kaiwa asusun duk mako. In sun ce wannan gurbin an riga an ba wata, ki nemi ku yi musaya da ita a gaban uwar adashi, a gyara a littafi.